Kashi Goma na Evaristo

Ni na ja jirgin a daren,
tarago arba'in da biyu maƙare da waken suya,
mun nufi tashar ruwa ta Rosario.
Na busa ƙaho. Allah ne shaidata, na busa.
Amma jirgi ba keke ba ne,
ka taka birki yau, ya tsaya gobe.
A mararrabar kilomita tamanin da bakwai
motar madarar Evaristo Brusa ta hau dogo
kamar mai shiga gidansa.
Madara ta malale kan tsakuwa,
fara fat a hasken fitilata.

Shekara huɗu muna zaryar kotu.

Lauyan kamfani ya gyara agogonsa, ya ce:
namu ƙarfe ne da katakon da ke ƙarƙashinsa,
taku goma dama, taku goma hagu,
abin da ya wuce nan na hukuma ne.
Lauyar ƙaramar hukuma ta zaro takarda
da ta girmi mahaifinta,
ta ce wanda ya shimfiɗa dogo shi ke kafa allo.
Na lardi bai ko miƙe sosai ba:
mu kwalta muka sani, wannan turbar jar ƙasa ce.
Sai ido ya koma kan Ovidio Maidana
wanda masararsa ta yi tsawo ta tare gani.
Tsoho ya murza hularsa a hannu.
An yi ruwa, in ji shi, masara ta tashi,
wa zan tsawata wa?

Laifi tudu ne.
A ɗakin nan kowa na tsaye kan nasa
yana nuna na maƙwabci.

An kawo allon da kansa,
ƙarafa biyu a gicciye, fenti ya saɓule,
harbin yara ya huda shi wuri biyar.
A cikin kwata aka tsince shi, ciyawa ta rufe.
Aka rataya masa lamba, shaida ta bakwai,
aka jingine shi jikin bango.
Shi kaɗai a cikinmu
bai ce ba ni ba ne.

Ƙararrawa kuwa tun damina biyu ta yi shiru,
ɓarayi sun yanke wayarta don jan ƙarfe.
Fermín mai gyara ya rubuta sau uku.
An samu wasiƙunsa a aljihun tebur,
ta ƙarshe ko buɗe ta ba a yi ba.

Alƙali ya raba mutuwar kamar gado:
sittin na kamfani,
talatin na ƙaramar hukuma,
lardi da masara sun fita tsaf.
Goman da ya saura na mamaci ne,
don doka ta ce ka tsaya, ka duba, ka saurara,
ko da babu wanda ya gaya maka.

Ni an wanke ni. Haka takarda ta ce.

A bakin matakala Nélida ta tare ni,
ba da faɗa ba, jakarta rungume a ƙirji.
Kai ne ka gan shi ƙarshe, ta ce.
Wane ɓangare nasa ne kashi goman?
Idonsa? Ƙafar da ke kan totur?
Ko gaggawar da na sa shi,
da na ce madara za ta lalace?
Na buɗe baki.
Motar hayarta ta zo.

Yanzu akwai fitila biyu a wurin, ja, suna ƙiftawa,
da sanda mai sauka da kanta,
har da allon da ke cewa wane ofishi za a kira.
An yi wata shida ana musun mai biyan kuɗin wuta.

Nakan wuce Talata da Juma'a, kafin asuba.
Doka ta ce in fara busa daga farin turke.
Ni tun daga gada nake farawa.
Mutanen ƙauyen sun kai ƙarata sau biyu
wai ina hana su barci.